Shekarar da Anselmo Bai Faɗa Kogi Ba

Masu karatu, ga ni. Na ga saƙonninku, har da wadda ta rubuto wai, "Luzmila, ko dai an ɗaura ne kika ɓoye mana?" Ba a ɗaura ba, 'yar uwa, kwantar da hankalinki. Makon gada ne ya riƙe ni, kuma abin da ya faru a cikinsa har yanzu in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

A garinmu Pukarumi, da watan shida ya kama ba mai lokacin kansa. Gadar ciyawar da ta haɗa mu da Wayrapata a hayin kwazazzabo ta tsufa, dole a yanke ta ta faɗa kogi, a saƙa sabuwa. Mu mata mu yanko ciyawa, mu bubbuge ta da dutse, mu jiƙa, mu zauna a kan tudu muna tufka har fatar hannu ta saɓule. Maza su kwashi igiyoyin su gangara. Mace ba ta sauka wurin sai an gama, wai ƙafarmu tana jawo tsautsayi. Hannunmu dai ba ya jawowa, tunda a kan abin da ya tufka suke takawa. Ni dai ban ce komai ba.

Da yake maza duk suna ƙasa, wasan Casilda ya zama na mata zalla. Labarin ko jaririn garinmu ya san shi. Casilda tamu ce, Anselmo ɗan hayi ne, iyaye suka hana su juna saboda rigimar makiyayar tumaki. Ranar da aka fara yankan tsohuwar gada Anselmo ya hawo ta bai sani ba. Casilda tana kan tudu, ta san an taɓa igiya, ta yi ta ihu ƙarar kogi tana haɗiye muryarta, amma ba ta sauka ba, don mace ba ta sauka. Ya faɗa tana kallo. Kafin rana ta faɗi ta bi shi.

Duk ranar buɗe sabuwar gada sai an maimaita. 'Yar Wayrapata ta zura poncho, wato bargon da maza ke zurawa ta wuya, ta ɗora malfar maza ta zama Anselmo, 'yar Pukarumi ta zama Casilda. A tsaya gefe da gefe ana ƙwala wa juna kalaman so, Anselmo ya tako zuwa tsakiyar gada, ya cire ponchonsa ya saki a kogi ya durƙusa. Ya mutu ke nan. Mata su ɗauki waƙar makoki, Casilda ta wurga malfarta a ruwa, ita ma ta mutu. A tafa, a tafi cin dankali da cuku.

Ni ce Casilda tun ina da shekara goma sha takwas. Anselmona kuwa Rosmeri ce.

Me zan ce muku a kan Rosmeri? Tana da wushirya, tana da dariyar da ke sa tsofaffi su juyo su harare ta, ta datse gashinta tun da ta koma birnin Arequipa wurin gwaggonta mai rumfar lemo a kasuwa, sai makon gada take dawowa Wayrapata. Shekarar farko da ta tsaya a hayi ta ƙwala, "Casilda, ko kogin nan zai cinye ni, sai na zo inda kike," sai na manta amsar da zan mayar. Na ɗauka tsoron jama'a ne. Sai bayan wasa, a bayan coci, da ta kama hannuna tana duba inda tufka ta yanke ni, ta ƙi saki, ni ma na ƙi janyewa, sannan na gane ba jama'a ba ne. Ina son ta. Ban taɓa rubuta muku shi ƙarara haka ba, yau na rubuta. A duk shekara wuri ɗaya ne nake iya faɗa mata da ƙarfi: a bakin gada, gari biyu suna kallo suna tafi.

Ana gobe za a yanke tsohuwar gada, Mama ta jawo akwatin katakonta ta ciro wani siket. Baƙi ne wuluk, an bi bakinsa da jan zare da kore da ruwan gwal, furanni da tsuntsaye hawa-hawa. Ɗakin girki ya turnuƙe da hayaƙi, miyar busasshen dankali tana tafasa, ɓerayen Masar ɗinmu suna ta kai-komo a gindin murhu.

"Gwada mu gani."

"Na Casilda ne?"

"Na Casilda da rana, naki da yamma. Iyayen Wilber za su zo bayan wasa."

Wilber ɗan garinmu ne da ke nema na da aure. A wurinmu in uwar saurayi ta miƙo ganyen koka, ganyen da mutanenmu ke taunawa, uwar yarinya ta karɓa ta tauna, magana ta ƙare. Baba ya rasu, don haka bakin Mama ne kaɗai ya rage tsakanina da gidan Wilber.

"Mama, ai ban ce ina so ba."

"Ni ma ai ban tambaye ki ba. Yaro ba ya sha sai ranar biki, yana da babur, ubansa ne sarkin gada. Me kike nema, mala'ika?"

Ta ɗaure min siket ɗin a ƙugu da ƙarfi har sai da na yi ƙara. Ta juya ni, ta kakkaɓe, ta gyara min jelar kitsona biyu. Sai ta yi ƙasa da murya.

"Kuma bana ki rage kallon nan da kike yi a wasa. Bara matar mai shago har ce min ta yi, 'yarki ta iya wasa fiye da kima."

"Wasa ne fa, Mama."

"Na san wasa. Na kuma san wanda ba wasa ba."

Ta koma kan miyarta. Na tsaya gaban ɗan madubinmu mai tsaga. Zan faɗa muku wani abu, ku yarda ko kar ku yarda. Tun da na fara wasan nan, duk lokacin da na sa kayan Casilda nake jin kamar akwai wadda ke tsaye dab da ƙeyata, jiƙe sharkaf, tana jiran ta ga abin da zan yi. Ban taɓa ganin ta ba. Sanyinta kawai nake ji.

Na cire kayan na haye dutsen bayan coci, inda waya ke kamawa.

"Casildata, kin ci abinci?" Saƙon Rosmeri ke nan da ke jira na.

"Ranar wasa iyayen Wilber za su zo. Da yamma."

Ta daɗe tana rubutawa tana gogewa. Can sai ga shi:

"To bana ba zan faɗa ba."

"Ban gane ba."

"Na gaji da mutuwa a gabanki duk shekara ana tafa min. Zan tsallako har inda kike. Motar Arequipa tana tsayawa a hayinmu kafin rana ta faɗi, Gwaggo ta ce akwai wuri a rumfa, akwai katifa. In kin biyo ni, shi ke nan. In kin tsaya, su nemi wani Anselmon, ni na gama."

"Ke mahaukaciya ce."

"Yau kika sani?"

"A gaban Mama, Rosmeri? A gaban kowa?"

"Ai a gaban kowa kika saba ce min kina so na."

Na kashe wayar na zauna a kan dutsen har sanyi ya kore ni.

Washegari muna kan tudu muna ƙarasa tufka, ni da Kaka Eustaquia, mahaifiyar Mama. Kaka ba ta gani sosai yanzu, amma igiyarta ta fi ta kowa kyau. Ta tofa yawu a tafi, ta murza, ba ta ko kallon hannun. Idonta yana hayi, inda matan Wayrapata suka yi layi da malfunansu.

"Duba min, akwai wata mai jar malfa kusa da babban dutsen can?"

"Akwai, Kaka. Wata tsohuwa ce da sanda."

"Tsohuwa a gidanku. Fortunata ce. Ita ce Anselmona."

Igiyar ta suɓuce daga hannuna.

"Kaka, kin taɓa yin Casilda?"

"Ke kin ɗauka daga kanki aka fara? Mun yi shekaru muna yi. Muryarta kamar ta tsaga dutse. Sai uwar kakanki ta zo da ganyenta."

"Kuna gaisawa yanzu?"

"Mu ce me? Duk shekara ta mutu a gabana na yi mata kuka. Wanda kika yi wa kuka ba kya tsayar da shi a hanya kina tambayar lafiyar tumaki." Ta ɗauki wata ciyawar. "Ina dai zama a nan, ita ma tana zama a can. Ki tufka, yarinya, kin bar igiya tana warwarewa."

A daidai lokacin maza suka yi ihu daga ƙasa. Tsohuwar gadar ta saki daga gefenmu, ta yi lilo ta bugi dutsen hayi, sannan ta zube cikin kogi. Ruwan ya ja ta tana warwatsuwa kamar gashin mace da aka tsefe. Tsofaffi suka cire malfa suka zuba wa ƙasa giyar masara. Ni kuwa Kaka nake kallo, da hannunta da bai daina murzawa ba, sai na ga kaina a wurin da take zaune, da furfura, ina tambayar jikata ta duba min hayi. Tsoron da ya kama ni ya fi na faɗuwar gadar.

Ranar da aka gama saƙa, Wilber ya hawo tudu hannunsa duk ya farfashe. Mama ta dungure ni da gwiwar hannu, na miƙa masa ƙoƙon giya.

"Tsakiyar ni na ɗaure da kaina," ya ce. "Ko bijimin sa ne zai bi ta lafiya."

"Sannu da aiki."

Ya sha, ya goge baki, ya kalli inda nake kallo.

"Ba ki taɓa kallo na yadda kike kallon hayin can ba, Luzmila. Ban san me ke can ba. Amma ni mai jira ne."

Kun ji ko? Da mugu ne, da abin ya zo min da sauƙi. Haushinsa ma na ji don ya ƙi zama mugu.

Ranar wasa gari biyu suka cika gaɓa biyu. Masu sarewa da ganga, masu soya nama, yara a kan duwatsu, baƙi da kyamarori. Mama ta shirya ni da kanta: baƙin siket, farar riga mai ado a wuya, mayafi ja da ta maƙale min da allurar azurfar aurenta, da malfa mai ratayen zare. Uwar Wilber tana layin gaba kusa da ita, da 'yar jakar ganye a cinya, tana ta yi min murmushin suruka. Wilber yana bakin gada ta gefenmu, shi ne mai tsaron igiya.

Rosmeri ta fito a hayi cikin poncho mai ruwan ƙasa. Ta ƙwala nata, na ƙwala nawa. Wallahi ban san abin da bakina ya faɗa ba. Sanyin nan yana ƙeyata, ya fi na kullum.

Ta hau gada. Ta tako a hankali, hannu a igiya, gadar tana rangaji. Ta iso tsakiya. Mai ganga ya tsaya, kamar yadda aka saba. Kowa ya yi tsit ana jiran poncho ya faɗa.

Ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da tahowa.

Matan garinmu ba gada suke kallo ba, ganga suke saurare. Tun suna yara sun san da ganga ta yi shiru Anselmo ya mutu. Sai suka ɗauki waƙar makoki. Matan hayi suka amsa. Murya ta cika kwazazzabon, suna kiran Anselmo, suna cewa ruwa ya tafi da shi, ba zai ƙara ganin rana ba, ita kuwa ga ta da ranta tana tako gadar tana nufo mu. Waɗanda suka lura suka fara zungurar juna, amma waƙar makoki in an ɗauko ta ba a yanke ta a tsakiya, mugun abu ne. Haka suka yi ta kuka suna kallon wadda suke yi wa kukan tana matsowa.

Ban taɓa ganin abin tsoro kamar wannan ba. Rosmeri ta sauko daga gada fuskarta ta yi fari fat, kamar da gaske daga cikin ruwan ta fito. Ta tsaya a gabana ta miƙo hannu.

"Na zo," ta ce, ba da muryar wasa ba.

Na juya na kalli Mama. Ita ba ganga ta rikita ta ba, ta ga komai, ta gane komai. Ta miƙe tsaye, ta kafe ni da ido, ta ɗaga murya ta fi ta kowa, tana rera mutuwar Anselmo tana nuna min kogi da haɓa. Na gane abin da take cewa: wannan ta mutu, ki yi naki ki dawo gida. Kaka tana gefenta a zaune. Ita kaɗai ce bakinta a rufe.

Na cire malfata. Na wurga ta a kogi.

Jama'a suka sauke ajiyar zuciya, aka fara tafi, don Casilda ta mutu, wasa ya dawo hanya. Uwar Wilber har da share hawaye. Ni kuwa na kama hannun Rosmeri.

Aka ƙara tafi! Wani baƙo ya yi fito. Na ji matar mai shago tana cewa, "Kai, bana sun yi sabon salo, fatalwowin ne za su tafi tare." Muka nufi bakin gada. Wilber yana tsaye a hanya. Ya kalli hannunmu, ya kalli fuskata, ya daɗe. Sannan ya matsa gefe.

"Ki bi tsakiya," ya ce can ƙasa. "Kar ki kalli ruwa, kar ki waiwaya. Waiwaye ne ke kawo jiri."

Na taka. Sabuwar ciyawa tana ƙamshi, tana ƙara a ƙarƙashin takalmina. Wata igiyar ma ni na tufka ta. Rosmeri tana gaba, ina bin ponchonta da ido. Iska ta cika min siket, kogin yana ruri can ƙasa. Muna isa tsakiya, inda Anselmo ya saba durƙusawa, waƙar ta ƙare, tafin ya lafa. Sai murya ɗaya ta tsaga shirun.

"Luzmila!"

Ba Casilda ba. Luzmila. Daga nan na san duk wanda ke gaɓar ya gane wasa ya ƙare tun ɗazu.

Ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Gadar ta fara juyi da ni.

"Kar ki juya," Rosmeri ta ce, ita ma ba ta waiwayo ba. "Don Allah, Luzmila. Ki kalli bayana kawai."

"Luzmila! 'Yata!"

Masu karatu, wannan muryar ce ta yi min waƙa ina zazzaɓi, ita ce ta kira ni cin abinci tun ina rarrafe. Kuka nake har ba na ganin igiyar. Sanyin nan ya matso ya manne a bayana gaba ɗaya, na ce shi ke nan, yau za ta ja ni ƙasa. Ba ta ja ni ba. Ji na yi kamar an sa tafi biyu masu sanyi a tsakiyar bayana an tura ni gaba. Na ɗaga ƙafa.

Ban waiwaya ba har muka taka dutsen hayi. Matan Wayrapata suka dare mana hanya. Tsohuwar mai jar malfa ce kawai ta kamo bakin mayafina da muke wucewa, ta shafa shi, ta saki.

Yanzu ina rubuto muku ne daga ɗakin gwaggon Rosmeri a Arequipa. Katifa ɗaya a ƙasa, buhunan lemo a lungu, baƙin siket ɗin rataye a ƙusa. Rosmeri ta tafi rumfa tun da safe, ta bar min shayi da burodi, ta ce in ban ci ba za ta dawo ta yi min ɗure. Ina farin ciki, kar ku yi zaton ba na yi. Amma motsi kaɗan sai in ji kamar ana kiran sunana.

Ɗazu na kunna waya. Saƙon murya ɗaya ne daga Mama, ita da ba ta iya aika saƙo ba sai an danna mata. Na daɗe ina kallon sa kafin na buɗe.

Waƙar makoki ce. Ita kaɗai take rerawa, ina jin ƙarar wutar murhu a bayanta. Ta cire sunan Anselmo ta sa nawa. Ta rera ta tun daga farko har ƙarshe ba ta tsallake komai ba: ruwa ya tafi da Luzmila, Luzmila ba za ta ƙara ganin rana ba. Na toshe baki da mayafi ina saurare uwata tana binne ni.

Ta gama. Ta yi shiru, ta ja hanci. Na ɗauka saƙon ya ƙare, har na kai yatsa zan kashe. Sai ta yi magana da muryarta ta kullum, wadda take aikena shago da ita:

"Kin bar rigar sanyinki a kan igiyar shanya. An ce garin da kike ma akwai sanyi da safe, ke kuma ga ƙirjinki. Na ba Wilber ya kawo miki, ya shigo motar asuba."